Birnin Damagaram: Unguwar Sarauta da Jar Ƙasa

Duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin Damagaram, ko ta wace ƙofa ya shigo, ƙarshenta a Birni zai tsaya. A takardun gwamnati sunan garin Zinder, a bakin mutanensa Damagaram. Amma idan ɗan gari ya ce maka zai shiga Birni, ba garin gaba ɗaya yake nufi ba. Yana nufin tsohuwar unguwar nan ta kudancin gari, wadda ta kewaye fadar Mai Martaba Sarki, mai siraran lunguna da gidajen ƙasa, wadda manyan duwatsu suka zauna a cikinta tamkar giwaye sun kwanta hutawa. Baƙi na zuwa su ɗauki hoto su tafi, ƴan lakwal na zuwa da malamansu a nuna musu fada. Sai dai kada wannan ya mantar da mu cewa Birni unguwa ce ta zama: ana haihuwa a cikinta, ana ɗaura aure, ana rabon gado, ana kuma fargabar damina. Tarihinta da halin da take ciki yau igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Gidan sarautar Damagaram ba a nan ya fara ba. Asalinsa daga Barno ne, ta hannun wani bawan Allah da tarihi ya riƙe da sunan Malam, wanda ya zauna gabas da nan wajen shekarun 1730, a ƙauyen da ake kira Damagaram. Zuriyarsa ta yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har zamanin Sarki Sulaimanu ɗan Tintuma, wanda ya kawo gadon sarauta Zinder a farkon ƙarni na 19, wajen 1812. Sarauta ta zo da sunanta, sunan kuwa ya lulluɓe na garin da ta tarar. Wanda ya san wurin ba zai yi mamakin wannan zaɓi ba. Duwatsu mafaka ne ranar yaƙi, kuma garin na kan mahaɗar hanyoyi: wadda ta taso daga Kano ta nufi Agadas, da wadda ta taso daga Barno ta yi yamma. Sarakunan wancan zamani suna kai gaisuwa Barno, kuma alamar wannan dangantaka ba ta ɓace daga fada ba. Kaigama, Ciroma, Yarima, Bellama, Magira, duk sunayen sarauta ne da suka zo daga gabas, ko da yake harshen da ake fadanci da shi, da na kasuwa, da na tsakar gida, Hausa ce.

Turawan farko da suka rubuta abin da suka gani a garin sun zo tun ba a fara zancen mulkin mallaka ba. Richardson, mutumin Ingila, ya sauka a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya yi ƴan makonni ya kama hanyar Kukawa, ajali ya riske shi bai isa ba. Abokin tafiyarsa, Bajamushen nan Barth, wanda ya zagaya ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso ƙarshen Disamba 1852, ya zauna a cikin Birni har ƙarshen Janairu 1853, yana jiran kuɗi da kaya daga Tarabulus kafin ya nufi Tambutu. A lura da wannan: matafiyi ya zauna a Damagaram yana jiran saƙo daga bakin tekun Bahar Rum, saƙon kuma ya iso hannunsa. Ke nan tun a lokacin garin ya riga ya zama zango sananne a kan hanyar hamada.

Amma Birni yadda muka san ta, aikin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu ne. Ya hau karo na farko a 1841, ɗan'uwansa Ibrahim ya karɓe a 1843, sa'an nan ya dawo a farkon shekarun 1850 ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a 1884. A cikin waɗannan shekaru talatin da ƴan kai ne Damagaram ta tashi daga ƙaramar sarauta ta zama daular da Kano da Haɗeja da Gumal ke kwana da saninta. Mirya da Dungas da ƙasar Muniyo duk suka shigo hannunsa. Maƙeran fada suka koyi zubin igwa da tagulla, ana haɗa albarushi a cikin gari, kuma masana tarihi na ambaton bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40 a rundunarsa. Shi ne kuma ya tayar da ganuwa. Turawan da suka gan ta a ƙarshen ƙarnin sun ƙiyasta tsayinta metir 9 zuwa 10, kaurin gindinta ya haura metir 10, tana da ƙofofi 7. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan a ransa: ba mota, ba baro, ba inji, ƙasa a ka, ruwa a tulu, a garin da ruwa ya fi komai wuya.

Ganuwa ba kariya kaɗai take yi ba, tana yanke wa gari iyaka. Da zarar an kewaye wuri, fili ya zama abin lissafi. Iyali na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, sai gida ya haifi gida a cikin kansa, sai katanga ta jingina da katanga, sai hanya ta matse har ta koma lungun da jaki da kaya zai bi da ƙyar. Inda dutse ya tare hanya ba a fasa shi, sai a kewaye shi, ko a mai da shi bangon ɗaki. Wannan ne ya sa lungunan Birni ke murɗewa yadda baƙo zai shiga da hantsi ya fito da azahar bai san ta inda ya bi ba. Ba wani mai zanen taswira da ya zauna ya tsara su. Dangantaka ce ta tsara su. Ƴaƴan sarki da masu sarauta kusa da fada, malamai kusa da masallaci, masu sana'a kowa da nasa sashe, barori kusa da iyayen gidansu. Ƙasar da aka yi ginin da ita kuwa daga nan kusa aka haƙo ta, ramukan suka zama kududdufan da ke cika da damina.

Ganuwa ta kuma raba na ciki da na waje. Ayarin da ya sauko daga Abzin ba ya shiga Birni da raƙumansa, sai ya sauke a arewa da ita, a wurin da ya zama unguwar Zango. Can ne Abzinawa da Bugaje da Larabawan Gadamas da Tarabulus suke zama, su kawo gishirin Bilma da dabino da yadi da takarda da bindiga, su ɗauki hatsi da fatu da gashin jimina. Can ne aka yi attajirai irin su Malam Yaro, wanda sunansa ya kai har ƙetaren hamada a ƙarshen ƙarni na 19. Sai garin ya zama mai kai biyu: Birni da sarauta, Zango da dukiya, kowanne na bukatar ɗan'uwansa, kowanne kuma na ganin shi ne gaba. Wanda ya saba zama da mutanen unguwannin biyu ya san wannan ƴar gasa ba ta mutu ba, ta dai koma barkwanci.

Akwai abin da ba a cika son ambata ba a irin wannan littafi, amma tarihi ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Cikin kayan da ayari ke ɗauka zuwa arewa har da mutane. Yaƙi na kawo bayi, wasu a sayar, wasu a kai gaisuwa Barno da su, wasu a zaunar da su a gandu ko a fada, inda waɗansunsu suka riƙe manyan muƙamai. Richardson ya ga wannan da idonsa ya rubuta. Hannayen da suka kwaɓa ƙasar ganuwa ba duka ne na masu son aikin ba. Jikokin waɗanda suka ba da umarni da jikokin waɗanda suka ɗauki ƙasa yau maƙwabta ne, sahu ɗaya suke tsayawa, sun yi auratayya, kuma Birni ta dukansu ce.

Bayan Tanimun da magadansa biyu, Amadu Kuran Daga ya hau a 1893, shekarar da Rabe ya ci Barno, gaisuwar Kukawa ta yanke. Ya gwabza da Sarkin Kano Alu, amma abokin gaban da zai kawo ƙarshen zamaninsa daga yamma ya fito. A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou, Bafaranshe, tare da tafintansa a Damagaram. Shekara ɗaya bayan haka ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar toka a Birnin Ƙwanni da garuruwa da yawa a kan hanyarta, ta iso. A ƙarshen Yuli 1899 aka haɗu a Tirmini, yamma da gari, dawakin Damagaram suka faɗa wa harsashi. Abin lura ga mai tarihin unguwa shi ne, ganuwar nan mai metir 10 ba a jikinta aka yi yaƙin da ya yanke makomar garin ba. A fili aka yi shi, Nasara suka shigo Birni bayan an watse. An kashe Sarki Amadu a Rumji a watan Satumba na wannan shekara. Babbar lisen garin da sunansa ake kiranta, kuma da yawa daga cikinmu a kan bencinta muka fara jin labarin nan da Faransanci, bayan mun riga mun ji shi da Hausa a bakin kakanni.

Faransawa suka naɗa Amadu ɗan Basa, suka kafa barikinsu a kan duwatsu daura da Birni, inda bakin igwarsu ke kallon fada. A 1906 suka zarge shi da ƙulla makirci tare da wasu manya, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, suka danƙa riƙon gari a hannun Bellama. Shekara 17 Birni ta yi da fada ba Sarki. Sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta da naɗin Barma Mustafa, wanda ya riƙe har 1950, Sanda Umaru ya gaje shi har 1978.

A tsakanin nan ne garin ya juya wa Birni baya, ba da gangan ba. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar ƙasar Nijar, amma ofisoshin Nasara da gidajensu da kantunansu duk a waje da ganuwa aka gina su, a filin da ke tsakanin Birni da Zango. A 1911 ɗin nan jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke wata da watanni yana kawowa ta hamada sai suka riƙa zuwa daga Ikko cikin kwanaki. Ayarin Tarabulus ya mutu, gyaɗa ta maye gurbinsa. A 1926, zamanin Gwamna Brévié, aka ɗauke hedikwata zuwa Yamai, ana kafa hujja da ƙarancin ruwa, ko da yake kusancin garin da Kano ta Ingilishi ma bai kwanta wa Faransawa a rai ba. Kasuwa da tasha da likita da lakwal suka tattaru a Sabon Gari, daga baya unguwanni irin su Garin Malam da Karkada da Tudun Jamus suka yi ta faɗaɗa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a garin da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, kaɗan ne daga cikinsu ke kwana a Birni. Ganuwa kuwa, da ba mai bukatarta, ba mai yi mata yaɓe. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu neman ƙasar gini suka ci nasu. Abin da ya rage ƴan guntaye ne, waɗanda sai an nuna maka za ka gane.

A ganina wannan juya baya shi ya ceci kamannin Birni. Da a cikinta Nasara suka zauna, da sun miƙe tituna sun yanka ta kare-kare kamar sauran unguwanni. Da suka bar ta, sai ta ci gaba da gini irin na iyaye. Tubali ne mai kama da ƙwai, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri a gindi ya rage a sama. A shimfiɗa azara, inda ɗaki ya yi faɗi a tayar da bakan gizo ya riƙe rufi ba tare da ginshiƙi ba. A saman soro a kafa zanko a kusurwoyi, a fitar da indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a shafe da makuba ko laso don kada ruwa ya ratsa. Sa'an nan a zo kan fuskar gida, inda magini ke nuna gwanintarsa: zane a jikin ɗanyen yaɓe, dagi da takobi da tauraro, wani lokaci har da abin zamani da ya burge mai gida, a bi shi da farar ƙasa da shuni da ja. Fuskar zaure ita ce rigar mai gida. Daga ita ake gane ko ɗan sarki ne, ko malami, ko attajiri. Wanda ya taɓa shiga irin wannan zaure da tsakar rana a watan Afrilu, ya ji sanyin da ke cikinsa, ba sai an yi masa bayanin hikimar kaurin bango ba. Ɗakin bulo da kwano a wannan sa'a tanda ne.

Zaure kuwa ba ɗaki ba ne kawai, makaranta ce. A nan yaro ke koyon inda ake tuɓe takalmi, da yadda ake durƙusawa, da wanda ake ce wa "ranka ya daɗe" da wanda ake ce wa "Allah gafarta malam". A nan ake karatun allo da asuba, a nan ake sulhu kafin magana ta kai fada, a nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama ba ya ƙetare. Ana cewa ɗan Birni na da son girma, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Amma wanda ya tashi inda kowane lungu ke da mai sarauta, dole ya iya ba da girma kafin ya nema. Maganarsa a hankali, gaisuwarsa doguwa, kuma zai iya zaunar da kai ya lissafa maka kakanninsa har ya kai ga wanda ya riƙe wa Tanimun linzami.

Kunne ma na gane Birni. Tambari da kakaki da algaita daga ƙofar fada, kirarin maroƙa, kofaton dawaki a kan tsakuwa. Ranar salla dogarai su fito cikin ja da kore, mahaya su yi jerin gwano, duk garin ya kwararo cikin unguwar da ya kwana biyu bai leƙa ba. Mahauta su yi hawan ƙaho, samari su yi wasan kara, inda za ka ga an yi Sarki na kara da gwamna na kara da soja na kara, manya na kallon kansu suna dariya. A cikin gidaje mata na murza alkaki, wanda duk matafiyin da ya bar Damagaram bai riƙo shi ba zai sha tambaya a gida. Dukawa da majema kuma suna nan kan sana'ar fata da ta fitar da sunan garin tun zamanin ayari.

Dutsen da ya ba Birni mafaka shi ne ya hana ta ruwa. Garin na zaune a kan fā, rijiya ba ta nisa sai ta ci karo da shi. Don haka ruwan pampo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya kuma daga Ganaram. Duk wanda ya yi aikin rediyo a garin nan ya san cewa da zarar bazara ta kama, ko wane batu aka buɗe wa masu sauraro layi a kansa, a kan ruwa za a ƙare. Abin mamaki, unguwar da ke kwana da ƙishirwa wata tara ita ce ruwa ke rusawa a wata uku.

Nan ne maganar take. Ginin ƙasa ba ya tsufa muddin ana duba shi, amma ba ya yafe sakaci. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau soro an toshe tsaga, an gyara indararo, an sabunta yaɓe. Da, mai gida ɗaya ne, shi ke kiran magini, ƴaƴa da barori su kwaɓa ƙasa. Yau gidan da kaka ya bari na magada ashirin ne ko talatin: wani na Yamai, wani na Kano, wani ya gina nasa a sabuwar unguwa, wadda ta rage a ciki tsohuwa ce da jikoki. Kowa na da haƙƙi a gidan, ba wanda gyara ya rataya a wuyansa. Sayarwa abin kunya ne, rabawa ba ta yiwuwa, sai a bar wa damina ta yanke hukunci. Wanda ya sami hali kuma sau da yawa siminti yake kawowa ya shafe bangon ƙasa da shi, yana ganin ya huta. Alhali siminti da ƙasa ba sa shan inuwa ɗaya: simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya jiƙe daga ciki, wata rana a wayi gari ya zube gaba ɗaya. Ga kuma kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, ruwan da da yake taruwa can yanzu lungu yake bi yana cin gindin katanga.

A farkon Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa da aka yi a wannan damina, tsohon masallacin Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Ginin da ya ga zamanin Tanimun, ya ga shigowar Nasara, ya ga ƴancin kai na 1960, ya zube cikin ɗan lokaci, hotunan suka zagaya duniya ta wayar salula. Gidaje da yawa na talakawa sun faɗi a wannan damina ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon garin Agadas ya sami wannan matsayi a 2013. Hasumiyar masallacin Agadas ma ta ƙasa ce, ta kuma girmi duk wani gini da ke Birni da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya tsayar da ita shi ne jama'a na taruwa lokaci-lokaci su sabunta mata yaɓe, sandunan da ke jikinta ma matakala ce ta masu wannan aiki. Takardar UNESCO ba ta toshe tsaga. Abin da ke toshe ta sananne ne, kuma ba ya fi ƙarfinmu: a ƙidaya tsofaffin gidajen da suka rage a san masu su, fada da alƙalai su taimaki magada su wakilta mutum ɗaya da gyara zai rataya a kansa, hukumar magajin gari ta buɗe wa ruwa hanya a lunguna, a kuma haɗa samari da tsofaffin maginan da suka iya tayar da bakan gizo da haɗa makuba tun suna da ƙarfin hawa soro. Waɗannan magina ba su da yawa, kuma akasarinsu furfura ta riga ta cika musu gemu. Lokacin aikin kuwa daga Maris ne zuwa Mayu, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.